Kwabban Caca a Ɗakin Mai Neman 'Yarmu

Assalamu alaikum Hajiya Marka. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da iyali da masu taya ki aikin wannan shafi, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki taimaka da wuri. An ɗora mini kayan da ya fi ƙarfin wuyana, ga lokaci yana ƙurewa. Ni ɗan kasuwa ne a Talata Mafara, albasa nake saye ina lodawa Kudu. Sunayen da zan ambata duk na canza su, ko da yake na san mutanen garinmu, in suka karanta sai sun bi diddigi.

Yayana, bari in kira shi Malam Labbo, malami ne mai zaure da ɗalibai. 'Yarsa Mufida ta gama karatun ungozoma, sai wani yaro daga Maradun, Sufyanu, ya fito neman aurenta. Malamin gona ne a aikin ban-ruwa na Bakolori. Suna son juna, wannan ko makaho ya shaida. Manyansa sun zo, aka ce su ba mu lokaci mu yi bincike kamar yadda aka saba, Yaya kuwa ya ce ni zan yi, wai ni na san mutane. Bai yi ƙarya ba. A sana'armu wanda bai iya zargi ba ba ya daɗewa. Duk buhun da aka kawo mini da manyan albasa a baki sai na sa an zazzage shi ƙasa, don a tsakiya ake ɓoye ruɓaɓɓun.

Na je Maradun na bi hanyar da kowa ke bi. Liman ya yabe shi, mai unguwa ya yabe shi, maƙwabta suka ce ko ƙuda ba ya kashewa. Hajiya, yabon nan ya yi mini yawa. Mutum ɗan Adam a ce ba a taɓa jin ko cacar baki tsakaninsa da kowa ba? Sai na ce bari in ga ɗakinsa da idona. Na fake da cewa ganyen albasar wani abokina yana ƙonewa daga sama, ina neman shawarar magani. Yaron ya gane ni, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya shimfiɗa mini darduma, ya kawo fura. Ina zama idona ya faɗa kan wani ƙaramin kabad mai gilashi, irin wanda mata ke jera tangaran a ciki. Shi ba tangaran ya jera ba. Wasu 'yan faya-fayai ne masu girman tsohon kwabo, ja da shuɗi da kore da fari, kowane da lamba a tsakiya, an shimfiɗa musu baƙin ƙyalle an jera su sahu-sahu kamar kayan amarya.

Nan take na gane su. Muna yara mun sha ganin irinsu a hannun 'ya'yan leburori. Kwabban caca ne na Turawan da suka gina dam ɗin Bakolori. Tsofaffi sun ce suna da kulob a bakin tabki inda suke taruwa bayan an tashi aiki, su sha abin da suke sha, su buga karta, waɗannan faya-fayan kuwa su ne madadin kuɗi a kan tebur. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya taɓa kama ni da guda ɗaya a aljihu, ya jefa shi masai, ni kuma na sha bulala. Kuma ki sani, gonar kakanmu ta wajen uwa tana ƙarƙashin wannan tabki har gobe. Mahaifiyarmu ta rasu ba ta daina ambaton tsamiyar da ke bakin gonar ba. To a bakin ruwan da ya ci gonarmu mutanen nan suke cacarsu, yau kuma ga kayan cacar an yi musu gilashi ana share musu ƙura.

Da ya ga ina kallo, maimakon ya sha jinin jikinsa, sai fuskarsa ta washe. Ya buɗe kabad ya fara yi mini bayani kamar na tambaya. Wai kakansa Mamuda kuku ne a kulob ɗin, da Turawa za su tafi suka zubar da kwabban, shi ya kwaso 'yan kaɗan ya ba jikoki su yi wasa. Wai daga nan ya fara tarawa, yana bi ƙauye-ƙauye in aiki ya kai shi, yana saye daga hannun tsofaffi. Wai a ƙasashen Turai akwai garuruwan bakin tabki da tun da daɗewa aka gina musu manyan gidajen caca da masaukai, attajirai na zuwa shan iska suna barin dukiyarsu a can, kuma akwai mutanen da aikinsu kenan tara tsofaffin kwabban waɗannan gidaje, har yana hira da wasunsu ta waya. Ya nuna mini wasu da aka aiko masa daga waje, masu nauyi, da sunan wani gari da na kasa faɗa. Ya ce burinsa ya tattara labarin kulob ɗin nan kafin waɗanda suka yi aiki a ciki su ƙare. Ni dai ina ta gyaɗa kai. Ta yaya zan dubi wanda zai zama surukina in ce masa kana caca? Na karɓi sunan maganin albasar da ba na buƙata na fito.

A hanya na yi ta juya abin. Wanda ke da abin ɓoyewa, in yana da wayo, ai a fili yake ajiye shi, don a ce da laifi ne da ya ɓoye. Kuma wane irin mutum ne zai san sunayen gidajen cacar Turai kamar yadda yayana ya san sunayen littattafai, a ce wai bai taɓa sha'awar bugawa ba?

Sai na koma na sake binciken, amma da wata tambaya daban. Na zauna wurin Nagode mai shayi a bakin tashar Maradun, na tambaye shi a hankali ko ya taɓa ganin Sufyanu wurin karta. Ya ce bai taɓa ba, amma tun da na faɗa, ya tuna yakan gan shi yana tsayawa wurin tsofaffin da ke zama bayan tasha. Na tambayi wani mai faci, na tambayi wani ɗan acaba, na ce kowa ya riƙe a cikinsa. Ranar kasuwarmu ta Talata kuma na ga Sufyanu da idona. Ya ajiye babur ya nufi wata rumfa can bayan 'yan buhu, inda kowa ya san abin da ake yi. Kin san tun da aka kafa shari'a a jiharmu masu karta ba sa ajiye kuɗi a tabarma. Murafen lemo ko tsinken ashana suke jerawa, sai an tashi a koma lungu a daidaita, don ko an zo kame a ce wasa ne kawai. To mutumin da ke yawo da aljihu cike da faya-fayai masu lamba, me kike so in ɗauka? Na laɓe bayan wata mota ina kallo. Ya tsuguna gefen tabarmar, ya daɗe yana magana da wani dattijo, ya miƙa masa kuɗi, dattijon ya ciro wani abu a hularsa ya ba shi. Ban ga ya riƙe karta ba, gaskiya, amma daga inda nake ba komai ake gani ba.

Daga nan na ɗana masa tarko. Na je Birnin Tudu wurin wani tsoho da aka ce yana da irin kwabon nan guda ɗaya yana amfani da shi a dara. Na saya, har tsohon ya ce mini, “Yaron nan na Maradun ma ya taho nema. Shi ba shi bugun komi, labari ɗai shika tambaya hal ka gaji.” Ban ba maganar muhimmanci ba, domin mai sayarwa ba ya ɓata mai saye. Na ba Nagode kwabon na ce ya kai wa Sufyanu, ya faɗi farashin da ni kaina da na yanka sai da na ji kunya. Hajiya, yaron nan ko tayi bai yi ba. Ya juya shi, ya duba bayansa, ya biya. Mutumin da ba ya neman ragi, da me zai riƙe gida? Wannan ai hannun ɗan caca ne, kuɗi ba su da nauyi a wurinsa.

Abin da ya ƙarasa karya mini gwiwa shi ne, ba da daɗewa ba na je Bakura ganin wata gona, ina zaune wurin masu awo sai na ji ana hirar wani malamin gona na Maradun da caca ta kama. Mutanen nan ba su san ni ba, ba su san alaƙata da shi ba. Na tambayi mai maganar inda ya ji, ya ce ai zancen ya cika tasha. Kin ga kenan ba ni kaɗai na lura ba.

Na ɗan taɓa wa Mufida zancen a kaikaice. Da fari dariya ta yi, ta ce ta san da kwabban, har tana tsokanarsa da su, tarihi ne kawai. Da ta fahimci inda na dosa sai dariyar ta ɗauke. Ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, “Baffa, kai kag gane shi da idonka shina bugawa?” Na ce mata yara ba sa yi wa manya irin wannan tambaya. Tun ranar in na shiga gidan sai ta gaishe ni ta shige ɗaki, kuma abin yana damuna, don yarinyar nan a kafaɗata ta girma.

Ga inda matsalar take. Manyan Sufyanu za su dawo sa rana da zarar an gama kwashe albasa, Yaya kuma ya ce in kawo masa sakamako kafin nan. Yayana mutum ne da ya yi shekaru yana wa'azi kan caca, kuma in ya yanke magana ba ya komawa. In kalmar nan ta fita daga bakina a zaurensa, auren ya mutu a wurin, ko waye zai zo roƙo. In kuma na yi shiru, aka ɗaura, wata rana Mufida ta dawo gida an sayar da gadonta da katifarta, ni za a nuna da yatsa, kuma ni zan amsa a gaban Allah. Abinci ya daina yi mini daɗi. Zuciyata ta fi karkata ga in faɗa masa yaron ɗan caca ne a huta. Me kika gani?

Naki,
Baffan Yarinya, Talata Mafara

*

Wa alaikumus salam Malam Baffa. Na karanta takardarka da kyau, kuma na gode da ka rubuto kafin ka shiga zauren yayanka, ba bayan ka fito ba.

Bari in fara da inda kake da gaskiya. Bincike amana ce, kuma baffan da ya ji yabo bai tsaya nan ba ya fi wanda zai je ya sha fura ya dawo ya ce komai lafiya. Caca tana rusa gida, na sha karanta wasiƙun matan da ta raba da kayan ɗakinsu. Tsuguno a gefen tabarmar 'yan karta ba wurin mai neman 'yar malami ba ne, ko da me ya kai shi. Sayen abu ba tayi ma abin dubawa ne, domin sha'awa ko ta halal ce tana iya cin kuɗin cefane. Duk waɗannan ka riƙe su, za su yi amfani.

Amma Malam Baffa, 'yarka ta yi maka tambaya ka ƙi amsawa, ni zan amsa maka daga cikin takardarka. Ba ka gan shi yana bugawa ba. Ka ga kwabbai a kabad, ka ga ya saya a hannun wani dattijo, ka ga ya sayi wanda kai da kanka ka aika masa. Duka ukun abu ɗaya suke nunawa, shi ne yana tara kwabban, abin da ya faɗa maka da bakinsa tun ba ka tambaya ba. Mutum ɗaya da ya ba ka shaida kai tsaye shi ne tsohon Birnin Tudu, shi kuwa cewa ya yi ba ya bugawa, sai ka ture maganarsa don ba ita kake son ji ba. Ka lura da yadda kake auna yaron nan. Da ya ɓoye, ka ce mai laifi ne. Da ya nuna, ka ce wayo ne. An yabe shi, ka ce yabon ya yi yawa. To ta wace ƙofa ka bar masa ya fita?

Yanzu ga wadda za ta yi maka ɗaci. Zancen da ka ji a Bakura, ina kyautata zaton naka ne ya dawo maka. Zuwanka na farko Maradun ba wanda ya ambaci caca, daga liman har maƙwabta. Kai ka kai kalmar teburin mai shayi a bakin tasha, ka ba mai faci, ka ba ɗan acaba, sannan ka ce su riƙe a cikinsu. Haba Malam Baffa. Ɗan acaba fa, wanda kullum yake tsakanin Maradun da Bakura da fasinja a bayansa. A garuruwanmu in dattijo daga gidan yarinya ya tambaya ko wane yana karta, kafin la'asar tambayar ta zama labari, an yar da “ko” ɗin a hanya. Ba ka samu shaida ta biyu ba, muryarka ka ji daga bakin wasu. Ko an yi auren ko ba a yi ba, ka taɓa mutuncin yaron nan a wurin aikinsa, kuma gyaran yana wuyanka.

Na kuma ji zafin da ke cikin maganar gonar kakanku. Wannan ciwo ne na gaske, ba kai kaɗai ke ɗauke da shi a yankinku ba. Sai dai ba a haifi Sufyanu ba lokacin da ruwa ya ci gonar, kakansa kuwa girki ya yi don ya ci da iyalinsa. Ka tambayi kanka nawa ne daga cikin ƙyamar da kake ji na yaron ne, nawa ne na kwabban.

Ga abin da nake ba ka shawara. In caca kake nema, ka neme ta inda take zama a yau. Ɗan cacar zamanin nan ba ya buƙatar kwabon da ya girme shi, a cikin wayarsa yake yi, kuma alamunsa ba sa ɓuya. Albashi ba ya kai shi tsakiyar wata, babur yau yana nan gobe an jinginar, abokan aiki suna gudunsa, ransa yana ɓaci ba dalili. Ka tambayi wanda suke aiki tare da wanda ya girma da shi yadda yake riƙe abin hannunsa da yadda yake kula da iyayensa, ba tare da ka sa musu kalma a baki ba.

Sannan ka ajiye kunyar surukuta na yini ɗaya. Ka sami babba guda daga cikin manyansa, a kira yaron, ka faɗa masa abin da ka gani a kasuwa da abin da ya tsorata ka, har da tarkon da ka ɗana, ka mayar masa da abin da ka ɗora a kan kwabon nan. Ka tambaye shi kai tsaye. Ka gaya masa zama wurin 'yan karta ya ƙare, in yana son labarin tsofaffi ya bi su gida. Ka tambaye shi ko zai yarda ya mayar da kabad ɗin gidan iyayensa in Malam bai so 'yarsa ta zauna da shi a ɗaki ba. Yadda zai karɓi wannan magana zai nuna maka halinsa fiye da duk laɓen da ka yi a bayan mota. Ka kuma koma wurin Nagode, a teburin da ka fara, ka faɗa da ƙarfi cewa ka bincika ba ka ga komai ba, in dai hakan ta tabbata.

Yayanka kuwa kada ka ɓoye masa kwabban. Gara ya ji daga gare ka da ya ji a tasha. Malami ne, ya fi ni da kai sanin hukuncin ajiye irin waɗannan kaya, ya kuma san nauyin jifan Musulmi da abin da ba a gani ba. Ka ba shi labarin yadda yake, ka bar masa hukunci. In bincikenka na gaskiya ya nuna yaron yana bugawa, ka faɗa ba tare da tsoro ba, Mufida za ta yi kuka ta gode maka daga baya. In bai nuna ba, kada ka furta kalmar nan don kawai ka samu barci. Kai za ka huta, ita kuwa za ta rasa mutumin da take so a kan abin da baffanta bai gani ba, kuma ta san bai gani ba, domin ta tambaye shi.

Allah ya ba ka ikon faɗin gaskiya daidai gwargwadonta, ya zaɓa wa Mufida abin da ya fi alheri, ya sa albarka a kasuwa. A gaida Malam da mutanen Mafara.

Taku,
Hajiya Marka